Yadda Katako Ya Koma Landan

A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a Landan, ta lashe gidaje sama da 13,000, galibinsu na katako. Shekara na zagayowa majalisa ta kafa doka: mai sake gini sai da bulo ko dutse.

Daga Ostiriya katako ya samo hanyar komawa dogayen gine-gine. A shekarun 1990 injiniyoyin can suka ƙware wajen jera falankai, wannan a miƙe wancan a gicciye, a shafa gam a danne har su zama bango guda. Tun a masana'anta ake yanke gurbin ƙofa da taga.

Da irin wannan katako aka gina Stadthaus a unguwar Hackney ta Landan a 2009, bene mai hawa tara, na ƙasa kaɗai ne kankare. Abin da ya fi burge ni, kafintoci huɗu ne suka harhaɗa katakon cikin kwanakin aiki 27.

Sai dai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Bayan gobarar benen Grenfell na Landan a 2017, Ingila ta hana sa abin da wuta ke ci a bangon waje na dogayen gidajen kwana. Grenfell ginin kankare ne, amma dokar ta haɗa har da katako.