Sukarin da Ke Wanke Jini, Ya Kuma Hana Cin Abinci

Wankin ƙoda da aka fi sani a asibitocinmu shi ne na na'ura. Amma akwai wata hanya: a zuba ruwan magani cikin kogon ciki ta wani siririn bututu, a bar shi na wasu sa'o'i, tantanin da ya lulluɓe hanji ya tace dattin jini zuwa cikinsa, sannan a zubar. Abin da ke jawo rarar ruwan jiki zuwa cikin wannan ruwa shi ne sukarin gulukos da aka narkar a ciki.

A 1877 Bajamushe Georg Wegner ya gwada a jikin zomaye, ya ga ruwa mai kaurin sukari yana ƙaruwa idan ya jima a cikinsu. A 1923 wani Bajamushen, Georg Ganter, ya jarraba hanyar a jikin ɗan Adam. Sai dai wanki ne na 'yan kwanaki, don haka ba a damu da abin da sukarin ke yi wa jiki ba.

Lamarin ya sauya a 1976, lokacin da Robert Popovich da Jack Moncrief a jihar Texas ta Amurka suka fito da tsarin da majinyaci zai riƙa yi a gida: lita 2, sau 5 a rana, shekara da shekaru. Daga nan likitoci suka fara ganin abin mamaki. Majinyaci yana ƙiba, amma tsokarsa tana zagwanyewa.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, fiye da rabin sukarin yana shiga jini, sau da yawa giram 100 zuwa 200 a rana, wato mutum yana cin abinci ba tare da ya buɗe baki ba. Na biyu, lita 2 na ruwa a ciki tana sa shi jin ƙoshi tun bai taɓa kwano ba. Na uku, ruwan da ake zubarwa yana tafiya da furotin, kimanin giram 5 zuwa 15 kullum, kuma asarar tana ƙaruwa idan tantanin ya kamu da cuta. A shekarun 1990, Jonas Bergström da abokan aikinsa a cibiyar Karolinska ta Sweden sun nuna cewa ɓerayen da aka zuba wa irin wannan ruwa suna rage cin abinci.

Sai aka shiga neman madadi. A Manchester ta Ingila, Chandra Mistry da Ram Gokal sun gwada icodextrin, wanda ake samarwa daga sitaci. Ƙwayoyinsa manya ne, ba sa saurin shiga jini. Amurka ta amince da shi a 2002. An kuma haɗa ruwa mai sinadaran amino, tubalan gina furotin, don mayar da abin da ake asara. Amma kowanne sau ɗaya a rana aka saba amfani da shi. Sauran zubin har yau gulukos ne.

Shi ya sa ma'aunin nauyi kan yaudari masu jinya. Ganin majinyaci ya murmure a ido ba ya nufin jikinsa na samun abin da yake buƙata. Idan ya fara ture kwano yana cewa ya ƙoshi, ba taurin kai ba ne. Magana ce da ya kamata ta kai kunnen likita, a duba ƙarfin sukarin ruwansa da yawan furotin ɗin da yake ci.