Daga Wasiƙar Gidan Waya Zuwa Alat ɗin Bogi: Yadda Damfara Ta Iso Ƙofa

Maƙalarmu ta wannan mako tarihi ce, amma tarihin da yawancinmu muka gani da idonmu. Tambayar ita ce: ta yaya ɗan damfarar da ke zaune a wata uwa duniya ya samu hanyar zura hannu cikin aljihun manomi a Ƙofa, ƙaramar hukumar Kusada, alhali bai taɓa bin titin Kano zuwa Kankiya ba?

Mu faro daga shekarun 1980, lokacin da farashin man fetur ya faɗi, talauci ya fara cizo. A lokacin ne wasiƙun yaudara suka yawaita. Ana aika su ta gidan waya, daga baya ta na'urar faks, zuwa ga attajiran Turai da Amurka, ana ce masu akwai wasu maƙudan kuɗi da suka maƙale, a turo ɗan abin da za a buɗe hanya. Sunan 419 ya fito ne daga sashe na 419 na kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Kudu. Mu a Arewa kundinmu daban ne tun 1960, amma sunan ya bi bakin kowa. Mafi girman abin da aka gani a wancan zamani shi ne na Emmanuel Nwude, wanda tsakanin 1995 da 1998 ya damfari wani bankin Brazil dala miliyan 242 da sunan kwangilar filin jirgin sama a Abuja. Sai a 2005 kotu ta ɗaure shi.

Duk wannan bai taɓa mutumin Ƙofa ba. Kuɗinsa suna cikin rumbu da turke, ko a hannun uwar adashi. Layukan wayar NITEL a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma a birane suke. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki, shagunan intanet suka cika birane, aka samu 'yan Yahoo masu farauta ta imel. A 2003 hukumar EFCC ta kama aiki. Har a lokacin, yawancin waɗanda ake cuta 'yan ƙasashen waje ne.

Abin ya juyo gida ne ranar da kuɗi suka koma cikin waya. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN. Masu POS suka bazu har ƙauyukan da banki bai taɓa buɗe reshe ba. Albashi, tallafin gwamnati da saƙon ɗan da ya tafi ci-rani duk suka koma bi ta asusu. A 2016 shirin MMM ya yi wa jama'a alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya daskarar da asusun mutane a watan Disamba. Ba mu ɗauki darasi ba, domin a watan Afrilu na 2025 CBEX ta rufe da kuɗin mutane ta irin wannan hanya.

Canjin kuɗi ne ya ƙarasa tura kowa. A farkon 2023 takardun naira suka yi ƙarancin da mai sayar da hatsi da mai shayi suka koma karɓar tiransifa, ko sun iya ko ba su iya ba. Ɗan kasuwa ya fara haɗuwa da alat ɗin bogi: saƙo ya shigo waya, kaya su tafi, asusu kuwa wayam. Magidanci ya fara samun kira da Hausa tsantsa, da sallama da ladabi, wai daga banki ne za a gyara masa BVN, ya karanto lambobin katinsa. Wani kuma a karɓi lambobi shida da WhatsApp ya turo masa, a ƙwace shafinsa, a bi 'yan uwansa da roƙon rance da sunansa.

Jami'an tsaro ma suna cikin tsaka mai wuya. An sa hannu kan dokar laifukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Sai dai kafin wanda aka cuta ya isa ofishin 'yan sanda na Kusada, kuɗin sun ratsa asusu uku ko huɗu, wasu ma an buɗe su da sunan mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Ƙari a kan haka, kunya tana hana da yawa kai ƙara. Dattijon da aka yaudara ya gwammace ya haɗiye baƙin cikinsa da a ce an yi masa wayo.

Idan muka dubi shekarun nan arba'in, za mu ga makamin ɗan damfara bai sauya ba, wato labari. Yana ƙago matsala, ya sa gaggawa, ya taɓo tsoro ko kwaɗayi, kuma yanzu da harshenmu yake yi. Yawancin gargaɗin bankuna kuwa da Turanci suke zuwa. Nan ne aikinmu yake. Mu zauna da masu POS da 'yan kasuwar garuruwanmu, mu tambaye su yaushe suka fara karɓar tiransifa, wace dabara aka fara yi masu, wace ce ta biyo baya. Mu rubuta da shekara da wata, mu sakaya sunan wanda aka cuta don kare mutuncinsa. Kuma duk inda rubutun zai je, mu saka wannan jumla yadda tsohuwa a Ƙofa za ta gane idan jikanta ya karanta mata: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu. Sai mako mai zuwa.