Wasa Ba Takarda: Yadda Barkwancin Samanja Ya Isa Inugu da Fatakwal

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da gidan talabijin na ƙasa, NTA, ke haɗa tashoshinsa su nuna shiri ɗaya a faɗin Nijeriya, akwai wasannin barkwanci biyu da yaro da babba suka sani. Ɗaya daga Inugu yake fitowa, wato The New Masquerade na James Iroha, inda Chika Okpala ke fitowa a matsayin Cif Zebrudaya yana karya Turanci yadda ya ga dama. Ɗayan kuwa daga Kaduna, wato Samanja Mazan Fama, wanda Usman Baba Pategi ke jagoranta da gashin baki da sanda a hammata. Ga Bahaushen da ke neman abinci a Inugu ko Anaca ko Fatakwal, na farkon wasan masu masauki ne, na biyun kuma saƙo ne daga gida. Sai dai Hausar da Samanja ke yi ba ta Kano ba ce, ba ta Sakkwato ba. Hausar bariki ce, gauraye da Turanci da buroka, irin wadda mazaunin kudu ke ji kullum a bakin soja da ɗan sanda.

Zaman Hausawa a wannan yanki tsoho ne. An gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1916, daga baya layin ya miƙe har Kafanchan da Kaduna. Shanu da wake da albasa suka bi dogo zuwa kudu, manja ya yi arewa. A Anaca kuwa kogin Kwara ne ya kawo Nufawa da Hausawa tun kafin jirgin ƙasa, har yau akwai titin da ake kira Bida a garin. Zaman ya yi daɗin da a 1956 Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970 suka watsa wannan zama. Da aka dawo, ba 'yan kasuwa kaɗai suka dawo ba. Rundunar sojan Nijeriya, wadda take da mutum wajen dubu 10 kafin yaƙi, ta kai wajen dubu 250, kuma barikoki suka cika a gabas. Sojojin, Tibi da Angas da Bajju da Idoma, da Hausar bariki suke magana da juna.

Daga cikin wannan duniyar Samanja ya fito. An haifi Usman Baba a 1942 a gidan sarautar Pategi, ƙasar Nufawa, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya kuma sa kaki ya yi aikin soja a sashen sadarwa. Saboda haka tsawar da yake daka wa kurata a wasa, da yadda yake kumbura gaban na ƙasa da shi ya kuma ƙanƙance gaban hafsa, duk abin da ya gani ne da idonsa. Shirin ya fara a rediyo cikin shekarun 1970 kafin ya hau talabijin. Usman Baba ya rasu ranar 12 ga Nuwamban 2023.

Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne yadda ake ƙera irin waɗannan wasanni. A gidajen rediyo da talabijin na arewa, galibin wasannin Hausa na wancan zamani ba a rubuta maganganunsu. Mai shiri zai zo da ƙashin labari: wane ya ci bashi ya ɓuya, mai bashi ya biyo shi gida, matarsa ta tona masa asiri, a ƙare gaban alƙali. A raba matsayi, a gwada sau ɗaya ko biyu, a kunna na'ura. Naman labarin kuwa, wato baƙar magana da habaici da karin magana da zolaya, daga bakin ɗan wasa yake fitowa nan take. Abin da ke riƙe wasan kada ya wargaje shi ne kowa ya san halin wanda yake kwaikwayo kamar yunwar cikinsa. Ƙasimu Yero a Karambana na Kaduna, da Karkuzu a Jos, da 'yan Idon Matambayi a Sakkwato, da 'yan Kuliya Manta Sabo a Kano, sunayen da suka ɗauka a wasa sun bi su har kasuwa, wasu ma sun danne sunayensu na yanka.

Ba gidan rediyo ne ya koya wa Bahaushe wannan ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga tashe, daga goma ga watan azumi, yara sun sa gemun auduga ko sun cusa tsumma a ciki suna bin gida-gida. Waƙar tashe sananniya ce, kowa ya haddace, amma abin da Jatau mai magani zai ce da matar gida idan ta tanka masa, ko yadda za a zolayi gwauro idan ya yi gardama, wannan sai wanda ya iya. A fada akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu, a gaban masu abin, kuma ta nan ake isar da abin da bafade ba zai iya faɗa da bakinsa ba. A karkara, bayan an kawar da amfanin gona, samari na yin kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, a yi shari'ar wasa a ci tara. 'Yan gambara kan yi bibbiyu, wannan ya jefa wancan ya cafe. 'Yan kama kuwa, a ganina, su ne gwanayen kowa: ɗan kama zai zauna ya ɗauki muryar malami mai wa'azi ko ta shahararren mawaƙi, salon bai kauce ko kaɗan ba, amma duk zancen ya koma kan tuwo da miya da fura. Kuma yana yi yana karanta fuskokin jama'a, inda ya ga an dara ya ƙara gishiri, inda ya ga an yi tsit ya sauya hanya.

Ƙarƙashin duk waɗannan akwai wasan barkwanci na dangi da ƙabila, tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarbawa. Yaron da ya girma yana mayar wa kakarsa martani ya riga ya yi makarantar farko. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada, kamar yadda ake yin ta a Nijar, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Rubutaccen wasa baƙo ne da ya zo da boko. R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays a shekarun 1930, Malam Aminu Kano ya rubuta nasa tun yana ɗalibi, Abubakar Tunau ya yi Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Jatau na Kyallu. Littattafai ne masu daraja, amma mafi yawan rayuwarsu a aji suka yi ta, ana karanta su don jarrabawa.

A wasu ƙasashe ma an bi wannan hanya ta wasa ba takarda. 'Yan wasan Italiya na ƙarni na 16 kan rataye taƙaitaccen tsarin labari a bayan dandamali, kowa ya leƙa ya fita ya cike sauran da bakinsa. A Shikago ta Amurka an kafa ƙungiyar Compass Players a 1955, sai Second City a 1959, a kan darussan Viola Spolin; daga baya Del Close da Charna Halpern suka daidaita wani dogon salo da suke kira Harold, inda 'yan kallo ke jefo kalma ɗaya, 'yan wasa su gina fitowa-fitowa masu sarƙe da juna na kusan rabin awa. Bambancin a fili yake. Na Shikago ba su san inda labarin zai kwana ba. Na Hausa sun san mafari sun san ƙarshe, hanyar ce kowa ke sharewa da ƙafarsa. Na Shikago kuma sun gina makarantu ana biyan kuɗi a koya, mu namu a gindin gwani ake ɗauka.

Inda aka fi kai wannan salo maƙura a Hausa shi ne Damagaram, wato Zinder ta ƙasar Nijar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Zinder a 1976, wasan kwaikwayo na cikin abubuwan da ake gasa a kai. Ƙungiyar Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, ta yi fice a nan. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da irin waɗannan ƙungiyoyi ta fitar da littafi a 1987, inda ta bayyana yadda suke aiki: a taru da yamma bayan an tashi daga aiki, a tattauna jigo, a tsara fitowa-fitowa, a yi ta gwaji ana zubar da abin da bai yi armashi ba, har wasa mai tsawon awa ɗaya ko fiye ya tsaya da ƙafarsa ba tare da an rubuta maganar kowa ba. Gwamnati na son a yi wa'azin ci gaba, 'yan wasa kuma su saka ma'aikaci mai cin hanci da alhaji mai fankama, jama'a su gane nasu.

A Zariya abin ya ɗauki wata kama. Michael Etherton, wanda ya taso daga Zambiya, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, aka gina gidan wasa na laka mai siffar gidan Bahaushe, da zaure da tsakar gida. Daga nan malamai da ɗalibai suka fara fita ƙauyuka. A 1977 aka yi Wasan Manoma a Soba, sannan aka je Maska da Bomo. Baƙin kan sauka su saurari koken mutane a kan taki da bashi da gonar da aka ƙwace, su haɗa wasa a kai, su nuna a dandali. Da farko ɗalibai ne ke yi manoma na kallo. Da tafiya ta yi tafiya aka gane cewa gara a tsayar da wasa a tsakiya, a ce wa manomi ya shigo ya nuna yadda shi zai yi da mai rabon taki. Ba don dariya aka shirya ba, amma dariya ba ta taɓa rasa wurin zama a ciki ba.

Zuwan bidiyo ya mayar da wannan gwaninta haja. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage da ya buɗe kasuwar finafinan Ibo, wadda titin Iweka na Anaca ya zama ɗaya daga cibiyoyinta. Kaset ɗin Kano ya bi motocin shanu da na gwari zuwa zangon kudu, ya sauka a shagunan haya da teburan masu shayi. A cikin wannan kasuwa aka samu reshen da ake kira camama: fim mai arha, a ɗauka cikin 'yan kwanaki, jigonsa abin da gari ke magana a kai a makon. Sarkinsa Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, tsohon ma'aikacin gidan yari, wanda ya rasu ranar 10 ga Disambar 2014. Masu ganin kansu 'yan boko sun raina camama, kuma gaskiya da yawansa shirme ne da aka yi don a kama kasuwar Juma'a. Amma a sa Ibro gaban kyamara a ce masa yau kai ne direba ko boka ko ɗan siyasa, ya riƙe fitowa guda da bakinsa kaɗai, wannan ba abin rainawa ba ne, kuma kaɗan daga masu sukar za su iya minti biyu a wurin.

A camama ne kuma mutumin gabas ya shigo wasan Hausa sosai. Yusuf Haruna, wanda aka fi sani da Baban Chinedu, ya yi suna da kwaikwayon Hausar ɗan kasuwa Ibo. Wani lokaci abin kan yi kama da wasan Bafillace da Babarbare, wani lokaci kuma ya zarce ya koma izgili, domin tsakanin Hausa da Ibo babu tsohuwar yarjejeniyar taubasantaka da ke ba kowane ɓangare damar ramawa. Wanda ke zaune a Anaca, maƙwabcinsa Ibo na leƙen abin da yake kallo, ya fi na Kano sanin inda iyakar take.

Daga baya takarda ta ci ƙarfi. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, masu zuba jari suka fara neman ganin labari a rubuce kafin su saki kuɗi, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta zo da dogayen shirye-shirye irin su Daɗin Kowa waɗanda marubuta ke zama su tsara kashi-kashi. Masu barkwancin baka suka koma wayar hannu, inda wasa ya ragu zuwa minti ɗaya ko biyu a TikTok da Facebook, tsawon da bai isa a gina hali irin na Samanja ba, balle a kai labari gaban alƙali.