Fim ɗin Asibiti da Katin Biki a Ƙasar Dambatta

A ƙauyukanmu na tsakanin Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, gayyatar biki a da ba ta buƙatar takarda. Goro ne kati. A raba shi gida-gida, mata su aika da alewa, ran Lahadi a kasuwar Dambatta labari ya gama ko'ina. Kati ɗan birni ne, malaman makaranta da ma'aikatan En'e ya biyo. A wajenmu bai zauna da gindinsa ba sai bayan 1976, lokacin da shirin firamare kyauta na gwamnatin Obasanjo ya cika karkara da azuzuwa da sababbin malamai masu albashi, kowa na so a ga sunansa da na amaryarsa a rubuce.

To amma injin ɗab'i yana birni. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 da maɗaba'un Kano sun yi wa mai kati kaɗan nisa da tsada. Nan ne masu rubuta allon shago irin kawuna suka sami kasuwa, kuma jarinsu abin da asibiti ya gama da shi ne: tsohon fim ɗin hoton ƙirji ko na karaya.

Wannan hoton wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano shi a 1895, kuma daga wajajen 1960 aka koma yin fim ɗinsa da wata roba mai ƙwari wadda ruwa ba ya lalata ta. Kawu yakan jiƙa shi, ya kankare baƙin har ya zama garai-garai. Sai ya ɗora shi a kan rubutun da ya zana, ya bi layi da reza. Gwaninta tana wajen haruffa masu ciki, irin su O da A da B: in ba ka bar ɗan siririn haɗi ba, tsakiyar ta faɗo, aiki ya ɓaci. Daga nan sai guntun soson katifa da fenti, a riƙa dangwalawa a hankali, kati bayan kati. Mai son ado a fesa masa launi da tsohon buroshin haƙori. In da kwali aka yanka haruffan, sau biyu uku ya jiƙe ya yage, shi kuwa fim a wanke da kananzir a rataye, gobe a sake.

Wani abu da nake yaba musu: tafiretar makaranta ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, sai a buga “daurin aure” a wuce. Mai reza kuwa yana yanka ƙugiyarsa daidai.

Aikin bai tsaya ga kati ba. Da fim ɗin aka buga bajon rigar 'yan makaranta da sunan mai kaya a jikin buhu. A zaɓen 1979 makullin PRP da gida da masarar NPN sun hau katangu da yawa ta wannan hanya. Guntun fim da ya rage ma ba a yar ba, ana yanka tauraro ko fure don ƙawata gefen kati. Mutanen tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun fi mu nisa da dabarar, don a shekarun 1950 faifan garmaho suka riƙa yi da irin wannan fim a ɓoye.

Kwamfuta ce ta karya sana'ar, wayar hannu ta ƙarasa ta, tun da yanzu ta WhatsApp ake tura gayyata. Asibitoci ma suna komawa hoton kwamfuta, fim na ƙaranci. Duk wanda ya tarar da irin waɗannan yankakkun fina-finai a akwatin mahaifinsa, don Allah kada ya ƙona. Ya tuntuɓi gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, ko ya adana wa jikoki, sunayen aurarrakin gari guda ne a jikinsu.