Tukunyar da Ba Ta Sauka daga Murhu

Masu zuwa Ayalan da Ingila kan dawo da labari ɗaya. A Ayalan, kafin baƙo ya gama tambayar hanya an ja shi da hira. A Ingila kuwa, a nuna masa hanyar cikin ladabi, kowa ya kama gabansa. Akan ce hali ne, amma tsohuwar doka na da hannu a ciki.

Dokokin gargajiyar Ayalan, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 7 da na 8, sun ɗora wa magidanci nauyin saukar baƙo. Wanda ya kori baƙo daga ƙofarsa sai ya biya diyya daidai da darajar mutumin da ya wulaƙanta. Har akwai wanda saukar baƙi ita ce sarautarsa, ana ce masa briugu. Gidansa na bakin hanya, tukunyarsa ba ta rabuwa da abinci, kuma ba shi da bakin cewa baƙi sun yi yawa ko sun cika zuwa. Ladansa girma ne, domin ta haka attajirin da ba jinin sarauta ba kan zauna sahun manya. Ranar da ya mayar da baƙo, girman ya zube. Bahaushe zai tuna da fatoma, sai dai briugu ba ya karɓar ko anini.

A farkon ƙarni na 17 mulkin Ingila ya soke waɗannan dokoki. Muƙamin briugu ya riga ya shuɗe, amma talakawan karkara suka riƙe ɗabi'ar, ana shiga gidan maƙwabci hirar dare ba sai an gayyata ba.

Ingila ta bi wata hanya. Gidajen sufaye da ke ciyar da matafiya, Sarki Henry na Takwas ya fara rushe su a 1536. A bayanin wata shari'a ta 1604, masanin doka Edward Coke ya kamanta gidan mutum da ganuwarsa. Daga baya manyan Landan suka koma kulob irin White's, wanda ya faro a 1693, inda 'yan kulob kan yi ƙuri'a kafin a karɓi sabon shiga. Abota a nan sai da mai gabatarwa.

Duk da haka, rashin adalci ne a kira Turawan Ingila marowata. A Winchester akwai gidan sadaka na St Cross, wanda aka kafa a shekarun 1130. Har gobe, matafiyin da ya tsaya a ƙofarsa ya nema, za a miƙa masa gutsuren burodi da ɗan abin sha.