Dogon yaro da rumbunmu

A Yekuwa da ƙasar Magariya da Dungas, kakanninmu sun daɗe suna kare abincin rumbu da toka da barkono. Dogon yaro baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, amma manoma suka karɓe shi, suna shimfiɗa ganyensa cikin hatsi.

A 1959, Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fari sun cinye ganyaye sun bar dogon yaro. A 1968, a jami'ar Keele ta Ingila, aka ware sinadarin da ke cikin ƙwallonsa, azadiraktin. Yana dagula saƙon da ƙwaƙwalwar tsutsa ke aikawa don ta yi saɓa. Tsutsar nan mai saƙa zare cikin garin gero sai ta kasa yin fiffike, balle ƙwai.

Ina koya wa ɗalibaina wannan tarihi domin ƙwayar gubar da ake jefawa cikin buhu tana kisa idan buhun yana ɗakin kwana. Iyaye, a shanya ganyen a inuwa, don rana tana rage ƙarfinsa, hatsi kuma ya bushe sarai kafin a ajiye.