Tafinta Mai Zaman Kansa da Tafintan Hukuma: Waiwaye Daga Ƙasar Gumel

Galibin masu nazarin tarihin fassara a ƙasar Hausa daga Hukumar Fassara suke farawa, watau wadda Turawan mulki suka kafa wajejen 1930, ta zauna a Zariya a ƙarƙashin R. M. East. Daga nan sai su gangaro kan Hukumar Talifi, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, da Kamfanin Gaskiya na 1945, da NORLA. Dalili kuwa a fili yake: hukuma takan bar takardu. Amma akwai wani mai fassara da ya girme ta, wanda mai bukata ke nema da kansa, su yi jinga baki da baki, ba tare da kowa ya shiga tsakani ba. Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wuri ne da ya dace a dube shi.

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel, kuma ta daɗe tana bin Barno, alhali Kano da Haɗeja na bin Sakkwato. Lokacin da Barth ya ratsa garin a 1851, zamanin Ɗan Tanoma, ya same shi a matsayin ƙofar Barno ga mai fitowa daga Kano, da kasuwar kanwa mai ci. A irin wannan gari Hausa da Barbarci ne a kasuwa, Filatanci a rugage, Larabci kuma a wasiƙun fada. Falken da ya sauka bai san harshen abokin cinikinsa ba, mai masaukinsa ko dillali ne bakinsa da kunnensa. Ladan fassara ba a ware shi daban, a cikin la'ada yake. Abin lura shi ne, wannan mutum jarinsa amana ce kurum. In ya karkatar da magana aka gane, baƙon ba zai sake sauka a zaurensa ba, kuma kafin ayari ya kai gida labari ya riga shi.

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo wani iri dabam. Ita kanta kalmar tafinta daga Ingilishi aka aro ta, ba kamar fassara da tarjama ba, waɗanda suka shigo ta Larabci tun da jimawa. Tafintan Joji ko na Razdan albashi yake ci, kuma ga wanda ya ɗauke shi yake ba da bahasi. Talakan da ake fassara maganarsa, wanda gonarsa ko harajinsa ke rataye a kan abin da za a faɗa, ba shi ne ya zaɓe shi ba, ba ya kuma iya sallamarsa. Bature bai ji Hausa ba, talaka bai ji Turanci ba, saboda haka babu mai iya bin sawun maganar. Nan ne tafinta ya sami ƙarfin da ya wuce muƙaminsa, nan ne kuma sunansa ya ɓaci a bakin jama'a. Turawan ma ba su saki jiki da shi ba, yana daga cikin dalilan da suka sa aka wajabta wa jami'ansu cin jarrabawar Hausa.

Amma fa ba daidai ba ne a rage wa hukuma hakkinta. Abin da Zariya ta yi, wani malami shi kaɗai a zaurensa ba zai iya ba. Ta daidaita rubutun boko, ta tara masu duba aiki kafin a buga, ta ba mai fassara abin da zai dogara da shi ko da kasuwa ba ta ci ba. Sai dai ta karɓi wani abu a madadin haka. Littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fassaro daga rubuce-rubucen Larabci a farkon shekarun 1930, har yau da sunan East ake ambatonsa, alhali da malamai aka yi aikin.

A ƙasar Gumel kuwa tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, sai ma iyaka ta ƙara mata aiki. Bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906, aka shata layi ya bar Maigatari a wannan ɓangare, Damagaram a wancan. Ke nan Faransanci ya shigo cikin takardun fito da na dabbobi, ga Ingilishi a nan gida. Marubucin wasiƙa a bakin kotu ko gidan waya ya gaji malamin ajami. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda Buzu da Bafillace ke kawo raƙuma da shanu, mai saye kuma ya fito daga kudancin Nijeriya, har yanzu dillali ne ke juya magana, kowa na kallon idonsa.

Da wannan ma'auni za a iya duba kamfanonin fassara na zamanin intanet, waɗanda ke karɓo aiki daga ƙungiyoyi da masana'antun ƙetare su rarraba wa masu fassara Hausa. A fasali dillalai ne, domin suna samo mai saye, su ɗauki nauyin biya, su cire rabonsu. Bambancin shi ne, dillalin Maigatari shi ne mai fassarar da kansa, kuma la'adarsa sananniya ce. A wannan sabon tsari kuwa an raba aikin biyu, mai fassara sau da yawa bai san farashin da aka yanke ba, ba shi da hanyar tambayar mai takarda abin da yake nufi da wata kalma, balle ya san Bahaushen da zai karanta. Mai aiki kai tsaye da mai bukata ya tsira daga wannan, amma shi zai nemo ciniki, shi zai bi bashi, kuma in aka ƙi biyansa ba shi da sarkin kasuwar da zai kai wa ƙara.